Shafin nuna ayyukanka na manhaja: ina za ka ɗora shi, me za ka biya?

Wanda ke neman ɗaukar mai rubuta manhaja ba ya daɗewa a shafinka. Zai buɗe, galibi a waya, ya duba ayyuka biyu ko uku, ya nemi hanyar tuntuɓarka. Da wannan za ka auna duk abin da ake tallata maka.

Wix da Squarespace, dandalolin haɗa shafi ba tare da rubuta manhaja ba, suna da sauƙi, ka ja hoto ka ajiye, shi ke nan. Sun dace da mai ɗaukar hoto. Amma mai rubuta manhaja ya kawo shafin Wix, tamkar tela ne ya zo neman aiki sanye da rigar gwanjo. Ga biyan kuɗi da dala, na kyautan Wix kuma da tallarsu a kai. WordPress kuwa sai da yaren manhaja na PHP da rumbun bayanai na MySQL da sabar (kwamfutar da ke riƙe shafin a intanet) da za ka riƙa biya, ga sabuntawa ba ƙarewa. In ba aikin WordPress ɗin kake nema ba, ka bar shi.

Ni dai na fi karkata ga shafi mara nauyi, na HTML da CSS, ko wanda aka haɗa da manhajar gina shafi irin su Hugo ko Astro. GitHub Pages, na dandalin GitHub inda masu rubuta manhaja ke ajiye ayyukansu, zai ɗauke shi kyauta, ya ba ka adireshi mai sunanka da github.io a ƙarshe. Iyakarsa gigabait 1, kuma ba ya tafiyar da PHP ko rumbun bayanai, abin da shafin nuna aiki ba ya bukata. Netlify da Cloudflare Pages su ma suna da na kyauta, da ka tura gyara GitHub sai shafin ya sabunta kansa. Idan da manhajar gina shafi ta Next.js ka gina, Vercel ya fi dacewa tunda su suka ƙirƙire shi, sai dai tsarinsu na kyauta ba na kasuwanci ba ne. Kyauta kuma ba ta da tabbas: Heroku, wani dandalin ɗora manhaja, ya rufe tasa a Nuwamban 2022. Ka ajiye komai a GitHub, ranar tashi ba za ka sha wahala ba.

Inda ya kamata kuɗi ya fita shi ne sunan shafi, wato adireshinsa na intanet. Kowa ya saba da .com. Shi .dev na Google ne, ba ya buɗewa sai da HTTPS, tsarin da ke tsare bayanai tsakanin shafi da mai buɗe shi, amma GitHub Pages da Netlify da Cloudflare Pages da Vercel duk suna bayar da HTTPS ɗin kyauta. Ga wanda ke Najeriya, .com.ng da ke ƙarƙashin NiRA, ƙungiyar da ke kula da sunayen .ng, ya fi araha, kuma da naira ake biya, babu fargabar katin banki ya ƙi biyan dala. Kafin ka saya, duba kuɗin sabuntawa na shekara ta biyu, don nan ake ɓoye tsadar.

Da ka gama, kashe Wi-Fi ka buɗe shafin da datar ƙaramar waya. In ya tsaya yana juyi, rage girman hotunan kafin ka tura wa kowa.