Faifan Brahms na biyola da fiyano, bayan wata biyu ina sauraro

Wata biyu ke nan da faifan Kim Kashkashian da Robert Levin ya shigo hannuna, wanda kamfanin ECM ya fitar a 1997. Ita ke goga biyola, shi kuma yana kan fiyano. Sonata biyu ne kacal a ciki, wato dogon kiɗa mai sassa-sassa, na Johannes Brahms, Bajamushen nan mai tsara kiɗa, masu lamba 120 a jerin ayyukansa. Ga wanda bai san biyola ba, yayar biyolin ce, gogen Turawa. Tsirkiyarta huɗu ita ma, sai dai ta ɗan fi girma, muryarta kuma ta fi kauri, da ɗan dishi-dishi irin na dattijo.

Wata wasiƙa ce ta sa na nemi faifan. Asali ba don biyola Brahms ya tsara kiɗan nan ba. A 1890 ya ce ya ajiye alƙalami, amma da ya ji busar Richard Mühlfeld, mai kilarinet (wata irin sarewar Turawa) na garin Meiningen, a 1891, sai ya kasa haƙuri. A 1894, a Bad Ischl ta ƙasar Ostiriya, ya rubuta masa waɗannan sonata biyu, aka kuma yi musu sigar biyola. To a wasiƙarsa ga amininsa Joseph Joachim, sai ga shi yana fargabar cewa ba za su zauna wa biyola ba, ba kuma za su yi daɗi ba. Na so in ji da kunnena ko gaskiyarsa ce.

Ƙin abu dai ba baƙo ba ne a wurin Brahms. A 1860 shi da Joachim sun sa hannu a takardar da ta yi tir da tafarkin su Franz Liszt, masu cewa kiɗa ya riƙa ba da labari yana zana hoto. Takardar ta fita a wata jaridar Berlin tun ba a gama tara hannu ba, sunaye huɗu kawai a ƙasanta, aka yi ta yi musu dariya. Manyan ayyukan Anton Bruckner, wani mai tsara kiɗa na zamaninsa, ma bai ɗauke su a bakin komai ba. Ramuwa kuwa ya sha ta: Hugo Wolf ya yi ta caccakarsa a jaridar Vienna, Tchaikovsky ya rubuta a littafinsa na sirri cewa mutumin ba shi da baiwa. Abin da ya sa nake yi masa uzuri shi ne kaifin harshensa bai bar shi kansa ba. Ayyukansa da yawa ya ƙona su da hannunsa don ba su gamsar da shi ba.

A kan biyola dai, wallahi ya yi kuskure. Sashe na biyu na sonata ta farko, mai tafiya a hankali, shi na fi maimaitawa. Kashkashian ba ta matsa wa kiɗan don ya sa mutum kuka. Tana jan sautin siriri, ta bar shi ya kusa ɓacewa, sannan ta ɗora na gaba. Kilarinet santsi gare ta, amma biyola tana da ɗan kaushin nan na gashi a kan tsirkiya, wanda duk mai kunnen goge ya sani, kuma shi ya dace da kiɗan mutumin da ya haura sittin, shekara uku kafin mutuwarsa a 1897. Levin ma ba rakiya ya zo yi ba. A sashen ƙarshe na sonata ta biyu, inda ake ɗaukar karin waƙa guda ana jujjuya shi, su biyun suna miƙa wa juna zance kamar tsofaffin abokai a kan tabarma ɗaya. A nan na fahimci dalilin da Arnold Schoenberg, jagoran sabon salo, ya fito a 1933 ya kira Brahms mai ci gaba, alhali maƙiyansa sun daɗe suna ce masa ɗan gargajiya: daga ɗan ƙwayar sauti uku ko huɗu yake gina gida guda.

Inda faifan bai ƙosar da ni ba shi ne tsawonsa, don ko awa ɗaya bai kai ba. Liszt yana da wani ɗan gajeren kiɗa na biyola da fiyano, Romance oubliée, na 1880. Da an sa shi a tsakani, da mai sauraro ya ji abokan hamayyar nan biyu gefe da gefe a tsufansu, dukkansu sun sassauta murya. Ni da kaina nake nemo shi a intanet in saurara tsakanin sonata ta farko da ta biyu.

Wanda zai saya, ina ba shi shawara kada ya saurara ta lasifikar waya. Na gwada sau ɗaya, tsirkiyar ƙasa ta ɓace gaba ɗaya, kuma rabin daɗin yana wurinta. A sa abin kunne mai kyau, da dare, bayan gida ya yi tsit.