Wasiƙa daga Bronx: haya, dillali da abin da kotunan New York suka yanke

Assalamu alaikum Yaya. Ina fatan kana lafiya, da Umma da yara da duk mutanen gida. Ran nan ka tambaye ni ko gaskiya ne a Amurka komai arha ne, layi ya yanke ban ba ka amsa ba, shi ya sa na zauna na rubuto.

Arha dai babu ita, sai a 'yan abubuwa. Kaza da tufafi da wayar hannu suna da sauƙi idan ka auna da abin da mutum ke samu. Amma doya guda a shagunan 'yan Ghana da ke nan Bronx, wani yanki na birnin New York, sai ka yi ta juya ta a hannu kana lissafi da naira kafin ka kai ta wurin biya. Duk aikin da hannun mutum zai taɓa, aski ne ko ɗinki ko gyaran famfo, kuɗinsa ya isa cefanen kwanaki a gida. Wuta ba ta ɗaukewa, ruwa ba ya yankewa. Haya ce ke cinye mu.

A kan hayar nan na fara sanin kotu. Ka san yadda muke yi a gida: kuɗin shekara guda a dunƙule, wani lokacin biyu, ga na dillali, ga na takarda. Nan wata-wata ake biya. Tun 2019 jihar New York ta yi doka cewa kuɗin ajiyar da mai gida zai riƙe kada ya wuce hayar wata ɗaya. Idan ka tashi, kwana 14 gare shi ya mayar maka, ko ya rubuto dalla-dalla abin da ka ɓata da abin da ya cire. In ya wuce kwanakin bai rubuto ba, ba shi da ikon riƙe ko sisi. Tarar jinkirin biyan haya ma an ƙayyade ta: dala 50 ko kashi 5 cikin 100 na hayar, wanda ya fi ƙanƙanta.

Da na bar gidana na farko, mai gidan ya yi shiru da kuɗina har wata biyu. In kira, ya ce gobe. Wani dattijo ɗan Kumasi da muke salla tare ya ce in daina wahalar da kaina, in tafi kotun ƙananan ƙararraki. Wallahi Yaya gabana ya faɗi, don a gida in ka ji kotu ka ji lauya da ɗage zama har ka gaji ka bar wa Allah. Na je ginin kotun da ke titin Grand Concourse, na cike takarda guda, na biya dala 20. Kotun tana sauraren ƙarar kuɗi har dala 10,000, ba sai da lauya ba, kuma wanda Turancinsa bai nuna ba ana nema masa tafinta kyauta. Ranar zama na je da yarjejeniyar haya da rasit da hotunan ɗakin da na ɗauka ranar da na tashi. Tambaya ɗaya ce ta kashe maganar: shin ya aiko mini da takardar bayani cikin kwana 14? Bai aiko ba. Bayan 'yan kwanaki hukunci ya iso ni ta gidan waya.

Sai dai kada ka ɗauka kotu ce ke zaro kuɗin ta miƙa maka. Hukunci take bayarwa, karɓowa aikinka ne, kuma na san waɗanda suka ci shari'a har yau suna bin kuɗinsu. Nawa dai ya biya, bayan ya ja rai.

Maganar dillali kuwa sabuwa ce, kuma dokar birni ce ba ta jiha ba. A da mai gida ne zai ɗauko dillali, amma ɗan haya ke biyansa, sau da yawa har kashi 15 cikin 100 na hayar shekara. Majalisar birnin ta ce wanda ya ɗauko dillali shi zai biya shi. Ƙungiyar masu harkar gidaje ta garzaya kotun tarayya tana neman a dakatar da dokar, mai shari'a ta ƙi, dokar ta fara aiki ranar 11 ga Yuni 2025. Ina ganin wasu masu gidajen za su cusa kuɗin cikin haya ta bayan gida. Duk da haka, ga wanda ya sauka garin nan da jaka ɗaya, rashin tara wannan kuɗin a ranar farko ba ƙaramin sauƙi ba ne.

Wadda ta fi taɓa ni ita ce shari'ar masu kai abinci a keke mai batir. Da yawansu samarin Afirka ta Yamma ne, 'yan Gini da Senegal da Mali da Nijar, suna yawo cikin ƙanƙara da jaka a baya. Birnin ya yanka musu mafi ƙarancin kuɗin awa a 2023. Kamfanonin da suke yi wa aiki, Uber da DoorDash da Grubhub, suka kai ƙara, alƙali ya ƙi tsayar da dokar a watan Satumba, kotun ɗaukaka ƙara ma ta ƙi. A Disamba aka fara biyan dala 17.96 a awa, ya koma 19.56 a Afrilun 2024, sannan 21.44 a Afrilun 2025, ban da ɗan ihsanin da mai saye ke ƙarawa. Yaran na cewa samun awannin aiki ya ƙara wuya tun daga nan, kuma ihsanin ya ragu. Amma duk sanda na gan su sai in tuna ɗan Adaidaita Sahu da zai wuni a titi, ya cire kuɗin mai, ya cire balas na mai keke, ya koma gida da abin da ya rage, in ya rage. Ko mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a Najeriya a 2024 bai san da zamansa ba, kuma wannan yana ci mini rai.

Yanzu ga abin da nake roƙonka. Hayar shagonka za ta ƙare bayan salla. Don Allah wannan karon a rubuta yarjejeniya, kowa ya sa hannu gaban shaidu, ka karɓi rasit, ka ɗauki hoton shagon ciki da waje. Kuma Kano ma tana da kotunan ƙananan basussuka a ƙarƙashin majistare, ka je ka tambaya a kan bashin kayan nan da ka yi shekara kana bi. Kuɗin maganin Umma na tafe ƙarshen wata in sha Allah. Ka gaishe ta, ka ce ta ci gaba da sa mu a addu'a.

Ƙaninka, daga Bronx.