Yaya, ga labarin Ingila da wata alfarma da nake nema

Assalamu alaikum Yaya, ya gida ya iyali, ya zafin Sakkwato, na san yanzu ana cikinshi. A gaida Inna da kyau.

Ka ce in ba ka labarin kaya da tsada a nan Birmingham. Abinci irin nasu da sauƙi in ka shiga Aldi ko Lidl, madara, burodi, taliya, kaza, amma ranar da ka yi marmarin namu ka leƙa shagon 'yan Afirka doya ɗaya sai ka juya ta ka ga kuɗin ka ajiye. Albasarsu kuma 'yan ƙanana cikin raga, ba yaji ba ƙamshi, in ina yanka ta buhunan albasar Goronyo nake tunawa. Wuta ba ta ɗaukewa, famfo ba ya ƙafewa, ba mai kura ba jarka, sai dai haya da kuɗin ɗumama ɗaki lokacin sanyi su ke cinye mutum.

Abin da ya fi cin raina tun zuwana takardar albashi ce. A albashi irin nawa, duk abin da ya haura £12,570 a shekara gwamnati na cire kashi 20 cikin ɗari, ga National Insurance, wani kuɗin inshorar ƙasa da ake cirewa daga albashi, ga harajin ƙaramar hukuma duk wata, ga kuɗin lafiya da ake haɗawa da biza wanda ya kai £1,035 a shekara ga yawancin manya tun 2024. Haushin wanga abu ne ya sa in na dawo aiki da dare sai in buɗe YouTube ina kallon masu cewa gwamnati ta yi yawa, a rage haraji, kowa ya ci guminshi, kai ka kalli ɗaya su turo maka goma, a hankali na koma tashar talabijin ta GB News da jaridar Telegraph kaɗai nake ji, masu ra'ayin riƙau ke nan, ɓangaren dama kamar yadda suke cewa nan. Ka tuna musun da muka yi a waya bayan 29 ga Mayu 2023 da Tinubu ya cire tallafin mai, ina ce maka daidai ne kai kuma kana gaya mini kuɗin mashin daga Mabera zuwa kasuwa. Ban saurare ka ba ranar, ka yafe mini.

Watan da ya wuce numfashin ɗiyata ya sarƙe cikin dare, na buga 999, motar asibiti ta zo, kwana uku muka yi, iskar oksijin, magani, abinci, ranar sallama na tsaya ina jiran a nuna mini wurin biya nas ɗin ta ce mu tafi gida kawai. A cikin bas na tuna jinyar Baba, yadda kake gudu tsakanin kemis da ɗakin da aka kwantar da shi, safar hannu sai mun saya, ruwan ƙari sai mun saya, har aka sai da tunkiyar Inna. Harajin da nake ta zagi shi ne ya biya gadon nan.

Sai na je na bincika. NHS ɗin nan, wato hukumar lafiya ta gwamnati da ta yi mana jinyar, gwamnatin jam'iyyar Labour ta Firayim Minista Attlee ta kafa ta a 1948, ministan da ya tsaya kanta Aneurin Bevan, tsohon mai haƙar kwal ne daga Wales. Ruwan famfon Ingila kuma Firayim Minista Thatcher ta sayar wa kamfanoni a 1989, na Scotland har yau na gwamnati ne, jiragen ƙasa ma an sayar zamanin John Major amma a 2024 aka yi dokar maido su hannun gwamnati. Mu ma ai a 2013 aka sayar da rabon wuta, kai ka fi ni sanin me ya biyo baya.

Ban zama ɗan Labour ba fa. Maganar addini da tarbiyyar yara ina nan inda ka san ni, kuma ganin likitan unguwa a nan sai ka buga waya ƙarfe 8 na safe ka bi layi. Amma na gane shekara uku ina jin hujjar ɓangaren hagu daga bakin abokan adawarsu ne kawai. Yanzu na fara karanta Guardian, jaridar masu ra'ayin ɓangaren hagu, ina kuma zama da wakilin ƙungiyar ƙwadago na wurin aikinmu lokacin cin abinci.

Na gida ne ban sani ba. Gidanmu NPC ne sannan NPN, mun tashi da sunan Sardauna da Shagari, Malam Aminu Kano da NEPU ɗinshi ta 1950 da PRP sai dai a bakin masu suka. Rimi ya soke haraji da jangali a Kano, Balarabe Musa aka tsige shi a 1981, ban taɓa jin dalilinsu daga wanda ya yarda da su ba. Dattijon telan nan na bakin masallacinmu an ce ɗan PRP ne na gaske, don Allah ka je ka gaida shi, ka tambaye shi me suke nema wa talaka a lokacin, in ya yarda ka ɗauki muryarshi ka turo mini ta WhatsApp, ko awa ɗaya ce zan saurara. Zan turo kuɗin goro ranar Juma'a.