Gida mai wurin ninkaya ko mai filin tsakar gida, in kana da ƙananan yara

Gaskiya in ka shiga gida a GRA ta Bauchi cikin zafin Afrilu ka ga ruwan ninkaya shuɗi shar a bayan gida, ranka zai biya, yara su koyi iyo, ba sai an jira hutu a kai su Wikki a Yankari ba. Amma fa hukumar lafiya ta duniya ta ce yara 'yan shekara 1 zuwa 4 suna cikin waɗanda ruwa ya fi ci, kuma yaro in zai nutse ba ya ihu, Maman Abba tana kicin tana tuƙa tuwo, minti biyu ya isa. Ga kilorin, maganin tsabtace ruwa, ga famfon tace ruwa mai son wuta kullum, in ya daɗe a tsaye ruwa ya koma kore sauro ya samu gida.

Mai fili kuwa sai keke da ƙwallo, iyakaci gwiwa ta goge, ga inuwar darbejiya.

Ni mai fili zan saya wallahi. In kuma dole sai mai ruwan, a zagaye shi da shinge ta kowane ɓangare, tsayin mita 1.2, ƙofa mai kulle kanta, tun kafin a tare.