DXF ko STL: wanne za ka kai wa mai injin sassaƙa?

Ɗan'uwa, ka ce ka zana dagin Arewa a manhajar zane ta CorelDRAW don a fitar maka da shi a jikin ƙofa, mai inji a Sabon Gari ya ce fayil ɗinka ya ƙi buɗuwa, shi ne kake tambaya ko DXF za ka tura ko STL.

Shi dai injin ba ya karanta ko ɗaya a cikinsu. G-code kaɗai yake ji, wato umarnin je nan, nutsa milimita 3, dawo. Mai inji ne zai ɗora zanenka a manhaja irin Aspire ko ArtCAM, ya zaɓi bakin yanka da zurfi, ta fitar masa da G-code. Manhajarsa ce ta ƙi fayil ɗin CDR, wato na CorelDRAW, injin bai ma san an yi ba.

DXF na kamfanin Autodesk ne, tun 1982 ya fito tare da manhajarsu ta zane, AutoCAD. Galibi layuka ne a shimfiɗe, kamar zane a takarda. Dagi, haruffan allon shago, raga ta taga, duk abin da za a bi layi a yanke, nan ne gidansa. Sai dai yana da tsirfa. Layin da bakinsa bai haɗu ba, manhaja ba ta san ciki da waje ba. Layi biyu a kan juna, inji zai bi wurin sau biyu, ka biya kuɗin lokaci a banza. Rubutu kuwa ka mayar da shi zane da Ctrl+Q a CorelDRAW kafin ka fitar, in ba haka ba salon harafinka ya canza a kwamfutarsa. In fayil ɗin ya sake ƙin buɗuwa, ajiye shi a tsohon tsarin DXF mai suna R12, kusan kowace manhaja tana karɓarsa.

STL kuma kamfanin 3D Systems suka ƙirƙiro shi a 1987. Fatar abu yake ɗauka, an rufe ta da ƙananan alwatika. Sai in sassaƙa mai tudu da kwari kake so, irin furen da ke tasowa a kan gadon amarya, shi ne zai yi maka amfani. Da'ira a cikinsa ba da'ira ba ce ta gaskiya, in alwatikan sun yi kaɗan za ka ji gargada da yatsa. Gyara shi ma wahala ne, kuma ba ya riƙe ma'auni. Na taɓa kai aiki mai faɗin milimita 600, manhaja ta ɗauka inci ne, ya fito ya haura mita 15. Muka yi ta dariya.



Dagin naka, DXF za ka kai. Ka zana murabba'i mai milimita 100 a gefe, mai inji ya auna shi, ya tabbatar ma'auni bai canza ba kafin ya ɗora katako.