Kan sarkin Arewa da tambur ɗin Nijar: amsa ga mai adakar kakansa

Malam, na ga hotunan da ka ɗora shekaranjiya na tsofaffin kan sarki da ka tarar a adakar marigayi kakanka, Allah ya jiƙansa. Ka yi tambaya biyu: waɗanda aka rubuta wa Northern Nigeria da waɗanda aka rubuta wa Territoire du Niger, hukuma ɗaya ce ta fitar da su? Kuma wanne ya fi daraja a wurin masu tarawa?

Ba hukuma ɗaya ba ce, tun daga suna ma an raba gari. Mu nan muna cewa kan sarki, don abin da kakanninmu suka fara gani manne a ambulan ke nan, kan mai sarautar Ingila. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram kuwa tambur suke cewa, daga Faransanci. Da gaskiyarsu, don a lokacin Faransa jamhuriya ce, ba ta da sarkin da za a ɗora kansa a takarda.

Bari in fara da na Arewa. Ranar 1 ga Janairun 1900 Gwamna Lugga ya kafa tutar Ingila a Lakwaja, a cikin shekarar kuma aka fito da kan sarki mai hoton Sarauniya Biktoriya, iri tara, daga na ɗari, wato rabin kwabo, har na sule goma. Ka lura da shekarar da kyau. Sarki Alu yana kan gadon Kano, Sarkin Musulmi Abdurrahman yana Sakkwato, ba wanda Bature ya taɓa. Sai a Fabrairun 1903 aka ci Kano, Sakkwato kuma a watan Maris. Wato an riga an buga sunan ƙasa a Landan shekara uku kafin a mallaki zuciyarta, riga malam masallaci ke nan. A 1902 kan Edward na Bakwai ya maye gurbin na mahaifiyarsa, a 1912 na George na Biyar ya biyo, a 1914 aka haɗe Arewa da Kudu, sunan ya koma Nigeria kawai. Shekara goma sha huɗu, kai uku, shi ke nan tarihin ya ƙare.

Abin da ke ba ni haushi da su, babu ko ɗigon ƙasarmu a jikinsu. Ba doki, ba ganuwa, ba kogin Kwara. Kamfanin De La Rue da ke buga su yana da zubi guda na kai da ƙawar gefe, sai a canja sunan ƙasa a sama da kuɗi a ƙasa. Ka ajiye na Arewa kusa da na Saliyo da na Gwalkwas, wato Ghana ta yau, ka rufe sunan da ɗan yatsa, ba ka iya rantsuwa wanne ne na ina. Arha suka bi, kuma ta biya su.

A can tsallaken iyaka labarin ya fi karkata da yawa, don Faransa ta yi ta yanka ƙasar tana sake ɗinkawa. A 1903 sunan da ke kan tambur Sénégambie et Niger ne. A 1906 ya koma Haut-Sénégal et Niger, ana juya shi daga ƙasar Mali ta yau. A 1914 aka fito da wanda ka ɗauki hotonsa, Buzu a kan raƙumi da rawaninsa. Da aka ware Nijar, ba a tsaya zana sabo ba: a 1921 aka ɗauko wannan mai raƙumi aka buga masa Territoire du Niger a kai. Ka matso da shi kusa da ido, za ka ga tsohon sunan yana nan a ƙasan sabon rubutun. Raƙumin nan ya sha aiki, don shi ɗin dai aka buga wa Haute-Volta, wato Burkina Faso ta yau, aka kuma buga wa Soudan Français, wato Mali ta yau. Raƙumi ɗaya, ƙasa uku.

Sai 1926 Nijar ta samu zanenta na kanta, kuma nan ne nake ganin Faransawa sun yi wa Ingilishi fintinkau. Masu ƙaramin kuɗi an zana mai jan ruwa a bakin rijiya, na tsakiya kwalekwale a kan kogi, manya kuma sansanin soja na Zinder. Duk wanda ya taɓa kwana a ƙauyen Damagaram ya san rijiyar nan da gugarta. Abin dariya, shekarar da Zinder ta hau tambur ita ce shekarar da aka ɗauke mata hedikwata aka kai Yamai. Daga 1944 aka daina na Nijar ita kaɗai, aka shiga amfani da na tarayyar Afirka ta Yamma ta Faransa, har 1959 da jamhuriya ta fara fitar da nata masu namun daji. Mu kuwa sai da aka jima bayan haɗewa kafin a tuna da mu. A jerin Sarauniya Elizabeth na 1953 ne na san mahayan Barno sun hau na kwabo, gyaɗa ta hau na ahu, wato kwabo ɗaya da rabi.

Akwai guda a hotonka na uku mai Niger Coast, kada sunan ya ruɗe ka. Ba ruwansa da Nijar. Na gaɓar tekun kudancin Nijeriya ne, yankin Kalaba, kuma ya girmi na Arewa.

To, batun kuɗi. Kada ka sa rai da yawa, don kyau daban, tsada daban. Na Nijar masu ƙaramin kuɗi an buga su jibgi, an sayar wa masu tarawa a Faransa ba tare da sun taɓa shaƙar ƙurar Sahel ba, shi ya sa sababbinsu fil suke ko'ina da arha. Na Arewa ma na ɗari da na kwabo ba wani abin a zo a gani ba ne. Daraja tana hawa ne daga sule biyu da sisi zuwa sama. Gagarabadau a cikinsu shi ne na fam 25 mai kan Edward, na 1904. Kwabo 6,000 ke nan, a zamanin da kwabo ɗaya ke kai wasiƙa Ingila, ka ga ba don wasiƙa aka yi shi ba, na biyan kuɗin lasisi ne ga hukuma. Samunsa sai an tona, kuma ban hango shi a hotunanka ba.

Inda nake ganin rabonka yake, hatimin gidan waya ne. A ɓangarorin biyu, wanda ya yi tafiya da gaske, mai ɗauke da sunan gari da kwanan wata a fili, yakan fi jan hankalin masana fiye da wanda bai taɓa barin aljihun tebur ba. Jirgin ƙasa bai iso Kano ba sai 1911, kafin nan da ƙafa da doki da jirgin ruwa wasiƙa ke tafiya, masu rubuta ta da boko kuma 'yan tsiraru ne. Hatimin Lakwaja ko Zungeru an fi cin karo da shi, don nan Turawa suka taru. Na ƙananan garuruwa shi ake nema, haka ma na Agadas ko Bilma a ɓangaren Nijar. In da ni za a ba zaɓi, don sha'awa mai rijiya zan ɗauka, don ajiya kuwa ambulan mai hatimin Arewa.

Roƙona ɗaya, kada ka ɓamɓare komai daga ambulan, kada kuma ka jiƙa na Arewa da ruwa. Da gangan aka yi da yawansu da tawada mai zuba, don kada wani ya wanke hatimi ya sake amfani da su. Ni na koya da tsada: ina yaro na tsoma wani mai kan Edward a kofin ruwa don in raba shi da takarda, ina kallo shunin ya narke, sarki ya koma fatalwa.

Ambulan ɗin nan mai ruwan ƙasa da ke gefen hagu a hoto na biyu, ka sake ɗauko min shi da rana, gaba da baya, ba tare da hasken waya ba. Kamar ina ganin harafin Z a farkon hatimin, ina so in san Zungeru ce ko Zariya.