Injin goge fenti: abin da ya yi wa baƙar motata, da abin da ya gagare shi

Duk mai baƙar mota ko shuɗiya mai duhu ya san wannan takaicin. A inuwa mota fes, har kana ganin fuskarka a jikin ƙofa. Da an fito da ita rana tsaka sai ka ga siraran kwarzane sun kewaye hasken ranar a kan bonet kamar saƙar gizo-gizo, baƙin ya koma toka-toka. Tawa Honda Accord ce ƙirar 2010, kuma abin ya daɗe yana damuna kafin in sayi injin goge fenti in yi aikin da hannuna. Hukuncina tun daga farko shi ne injin ya cika alkawari, kuma ban yi da-na-sanin kuɗina ba. Amma akwai sharuɗɗa, kuma su ne suka sa na zauna rubuta wannan.

Waɗannan kwarzanen daga wanki suke fitowa. Daga Nuwamba zuwa wajen Maris iskar hunturu na kwaso ƙura daga Sahara, da yawanta daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, ta sauke mana a kan komai. A cikin ƙurar akwai ɓarɓashin yashi wanda ya fi fentin mota tauri nesa ba kusa ba. Da safe sai a ɗauki busasshen tsumma a kaɗe mota, ko mai wanki ya tsoma soso ɗaya a bokiti ɗaya ya wanke taya da shi, ya dawo ya bi rufi da bonet. Kowace shafa tana jan yashin nan a kan fenti. Kwarzanen kansu miƙaƙƙu ne, sun nufi ko'ina. Waɗanda suka gitta wa haske ne kawai ido ke kamawa, shi ya sa suke bayyana a zagaye duk inda rana ko fitila ta sauka.

Kafin mutum ya kusanci inji ya kamata ya san abin da zai goge. Fentin motar zamani hawa-hawa ne: faraima a ƙasa, sai launi, sai wani ɓawo garai-garai a sama da masu fenti ke kira kiliya. Duka-duka kaurinsu daga kamfani bai cika wuce maikuron 100 zuwa 150 ba (maikuron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), kiliyar kuma wajen 40 zuwa 50 ce, wato ba ta kai kaurin takardar rubutu ba. Inji ba ya cike kwarzane. Yana cin kiliyar da ke gefensu ne har ta yi daidai da ƙasan ramin, sai haske ya daina karyewa. Gogewa mai sauƙi na cin maikuron ƙalilan, amma abin da ta ci ya tafi ke nan. Kuma kiliyar nan ita ce ke tare wa launi zafin rana. Motocin da muke gani rufinsu na ɓarewa fari-fari, kiliyarsu ce ta mutu, kuma babu injin da zai tashe ta sai sabon feshi. Wannan ne ya sa na ɗauki aikin da muhimmanci tun ban fara ba.

Injin iri biyu ne. Akwai mai juyi ɗaya, wanda za ka tarar a hannun yawancin masu fenti, mai babban soson ulu. Yana da ƙarfi da sauri, a hannun gwani kuma yana aiki mai kyau, amma yana tara zafi a wuri ɗaya, kuma cikin ƙiftawar ido yana iya ƙona gefen ƙofa ya kai ga launi. Shi ne kuma ke barin wasu layuka masu walƙiya da ke bin ka idan kana zagaya mota a rana. Na biyun mai juyi biyu ne: farantinsa da ake manna wa soso na juyawa, yana kuma karkarwa a ɗan ƙaramin da'ira a lokaci guda, don haka ba ya maimaita wuri ɗaya. Idan ka danna shi fiye da kima juyin sai ya tsaya. Ga wanda bai taɓa riƙe inji ba, wannan na biyun kaɗai zan ba da shawara. Manyan cikinsu, irin BigFoot na kamfanin Rupes na Italiya, da'irarsu milimita 15 ce ko 21. Nawa ɗan madaidaici ne ƙirar China mara sanannen suna, mai da'irar milimita 8, faranti inci 5, da maɓallin gudu daga 1 zuwa 6.

Wata magana ga masu yin oda daga waje ko sayen na hannu: ku duba wutar da ke rubuce a jikinsa. Injin da aka ƙera don kasuwar Amurka na wuta 110 zuwa 120 ne, tamu kuwa 230 ce. Ana jona shi kai tsaye zai ƙone.

Ga yadda aikin ya kasance. Na wanke motar tas, na bi ta da yumɓun goge fenti, wani ɗan dunƙule mai laushi da ake shafawa a kan jiƙaƙƙen fenti ya tsince dattin da ya maƙale. Kada a tsallake wannan. Bayan wanki, sa hannunka a cikin leda ka shafa bonet, za ka ji gurzi-gurzi. Duk wannan idan soso ya kwashe shi, da shi zai riƙa karce motar. Na rufe robobi da bajo da bakin fitilu da tef na takarda. Sannan na ja tef ɗaya a tsakiyar but, na ware gefe guda don gwaji.

Na fara da mafi sauƙi, soso mai laushi da man Ultimate Polish na Meguiar's. Ɗigo huɗu kamar ƙwayar wake a kan soso, na ɗiɗɗiga shi a wuri mai faɗin santimita 60 kowane gefe, na ɗora soson a kan fenti kafin in kunna. Gudu na 1 don baza man, sannan na ƙara zuwa 4 ko 5. Abin da ya fi wuya shi ne tafiya a hankali. Hannu na son ya yi sauri, alhali abin da ake so bai wuce santimita biyu zuwa uku a daƙiƙa ba, kowane layi ya hau rabin na baya, hagu zuwa dama, sannan sama zuwa ƙasa. Na ja layi da baƙin alƙalami a bayan farantin. Muddin layin na zagayawa, inji na ci. Da ya tsaya yana rawa wuri ɗaya, to ka danna da yawa ko ka karkata soson. Wannan 'yar dabarar ta fi komai taimaka mini.

Da na goge man da tawul na cire tef ɗin, na kashe fitilar gareji na haska da tocilar waya. A gefen da ban taɓa ba, hasken ya tarwatse cikin zare-zare. A gefen da na goge, ɗigon haske ɗaya ne tak, mai kaifin baki, a cikin baƙi mai zurfi, har ƙananan ƙyalƙyalin da ke cikin fentin suka fito, waɗanda ban san motar na da su ba. Na daɗe a tsaye ina kallon layin da ya raba su. Gaskiya na ji daɗi ƙwarai.

Amma kada a yarda da ido nan take. Man gogewa na da maiƙo, kuma maiƙon na kwanciya a cikin kwarzane ya ɓoye su. Shi ya sa folish ɗin da ake yi maka da hannu a wurin wanki ke burge ka yau, bayan wanki biyu komai ya dawo. Na fesa sifirit da aka sirka da ruwa na sake gogewa, sai ga wasu 'yan kwarzane masu ɗan zurfi sun leƙo. A ƙofofi da gefuna man mai sauƙi ya wadatar, domin fentin motocin Japan yawanci yana da laushi, kamar yadda masu sana'ar suka daɗe suna faɗa. A bonet da but da rufi, inda tsumma ya fi yin ɓarna, sai da na koma kan Ultimate Compound, man da ya fi na farko ci, da soso mai ɗan tauri, sannan na bi da mai laushin.

Yanzu abin da ya gagare shi. Akwai wani dogon karce a ƙofar baya, irin na makulli ko ƙarfen Keke Napep. Gwajinsa ɗaya ne: ja farcenka a kai, in ya maƙale, mai yiwuwa ya riga ya ratsa kiliya. Injin ya rage masa kaifi, ya daina ɗaukar ido daga nesa, amma yana nan. Na bar shi da gangan, don kuwa kore shi gaba ɗaya na nufin cinye kiliyar wurin. Haka tabon kashin tsuntsu da ya kwana a rana ya ci fenti, da tsattsagin tsakuwa a gaban bonet. Waɗannan aikin mai fenti ne.

Sai batun motocinmu na hannu. Da yawansu an taɓa yi musu feshi a wani ɓangare ba tare da mai saye ya sani ba. Na ari ɗan na'urar auna kaurin fenti, yawancin jikin motar ya nuna tsakanin maikuron 110 da 130, fenda ɗaya kuma ta haura 300. An yi mata aiki ke nan tun kafin ta zo hannuna. Fentin da aka sake ba ya amsa inji kamar na kamfani, don haka na yi masa gwajinsa daban, da gudu kaɗan. In kuma ka ga launin motar na fitowa a jikin soso, wurin ba shi da kiliya, ko dai fentin hawa ɗaya ne ko kuma ka ratsa. Ka dakata ka tabbatar. Gefuna da kusurwoyi fentinsu ya fi siranta, bambar roba kuma tana riƙe zafi, duk a bi su da sauƙin hannu.

Shi kansa injin yana da nasa aibin. Yana da ƙara, karkarwarsa kuma na shiga hannu, bayan ɗan lokaci sai ka ji yatsu na zuga, dole ka huta. Wayarsa gajera ce, sai da na ƙara wata, na rataya ta a kafaɗa don kada ta goga jikin mota. Sosunan da suka zo a kwalinsa ba su da inganci, ɗaya ya rabu da mannensa tun ban gama rufi ba, sai da na sayi wasu. A wuri mai lanƙwasa juyinsa na yawan tsayawa, farantin inci 5 kuma ba ya shiga ƙarƙashin madubi da ginshiƙan gilashi. Ta fannin wuta bai ba ni matsala ba, janaretan gida ya ɗauke shi. Kuma a sani, kuɗin injin kusan rabin abin da za ka kashe ne. Sauran na tafiya kan sosuna da mai da tawul. Soso ɗaya ba ya isa, yana cika da mai da ɓarɓashin fenti ya daina ci, don haka a tanadi uku ko huɗu na kowane iri, ana kuma kakkaɓe shi da buroshi bayan kowane yanki.

Yanayinmu ma sai an lallaɓa shi. Ba a yin aikin nan a rana, ko a kan bonet mai zafi, man na bushewa nan da nan ya zama gari. A waje lokacin hazo kuwa, ƙurar da ke sauka kana cikin aiki ita za ta ɓata maka. Wuri rufaffe, da sassafe ko bayan la'asar. Kuma aiki ne na yini cur, ko fiye, ga mutum ɗaya.

Da na gama na shafa mata kakin kariya, domin fentin da aka goge tsirara yake. Sannan na zauna da yaron da ke wanke mini mota. Na saya masa bokiti biyu, ɗaya na ruwan sabulun mota, ɗaya na ɗauraye soso, da tawul masu laushi, soson taya kuma daban. Na roƙe shi ya fara kwarara ruwa ya kore ƙurar kafin hannu ya taɓa fenti, kada kuma ya sake sa garin sabulun wanki, wanda ke wanke kakin. Ya ce, "Yallaɓai, ai ruwa zai ƙaru." Na ce na ji, zan ƙara masa kuɗin ruwan, kuma haƙƙinsa ne, don aikin ya ƙaru. Kaɗe ƙura da busasshen tsumma kuwa na hana kowa a gidan, gara motar ta yini da ƙurarta.

Motar ta ratsa hunturu guda tun daga lokacin. Da tocila ina iya ganin 'yan sababbin zare ƙalilan a kusa da mariƙin ƙofa da bakin but, inda hannu ke yawan kaiwa, sauran jikin kuwa yana nan yadda na bar shi. Wanda ke da mota mai duhun launi, da wurin aiki mai rufi, da haƙurin yin gwaji a ƙaramin wuri kafin ya bi duk jiki, ya saya, zai ji daɗinsa. Mai farar mota ko ruwan azurfa, wadda kwarzanen ba sa nunawa sosai, kuɗinsa ya fi amfani a kan tawul da sabulu mai kyau. Ni abin da ya rage mini shi ne ƙaramin faranti inci 3, don ginshiƙai da ƙarƙashin madubin da babban bai kai ba.